Lyall Direen da Fosam ɗin Gidan Thelma

A kwarin Huon, in ka ga tsohuwar farar mota mai buɗaɗɗen baya a ƙofar wani gida, ga tsani a jingine jikin bango, ba sai ka tambaya ba, Lyall Direen ne ke saman silin. Mutum ne ɗan ƙarami, siriri. Shekararsa sittin da ɗaya, amma har yau wandon da ya yi aure da shi yana shigarsa. Tun yana makaranta ake ce masa Ƙadangare, domin babu kafar da ba zai ratsa ba, kuma sunan bai taɓa damunsa ba.

Ubansa mai tsinkar tuffa ne. Shi ma yana cika sha biyar ya ajiye littafi ya shiga rumbun da ake jera tuffa a akwatuna. Da kasuwar tuffa ta faɗi aka tumɓuke itatuwa, sai ya koma wurin yankan katako, ya yi shekara ashirin da biyu. Da nan ma aka rufe, ya zauna gida wata huɗu yana bin matarsa Glenys daga ɗaki zuwa ɗaki, har ta ce masa in bai samo abin yi ba za ta jingine shi a bayan ƙofa tare da tsintsiya.

Gidajenmu na katako ne da rufin kwano, kakanni suka gina su, iska na shiga ta ko'ina. Ka hura murhu tun asuba, ɗumin ya bi ta silin ya tafi ya ɗumama tsuntsaye, kai kuwa kana zaune da rigar sanyi biyu. To a lokacin ne gwamnati ta fito da wani shiri. Duk wanda zai shimfiɗa katifun tsare ɗumi a saman silinsa, ya toshe kafofin iska, ita za ta ɗauki mafi yawan kuɗin, musamman in ɗan fansho ne. Lyall ya tafi birni ya koyi aikin, ya dawo da takardar shaida a aljihu, Glenys kuma ta sami sararin ɗakin girkinta.

Yana da yadda yake aikinsa, kuma bai taɓa sauyawa ba. In ya zo gida, sai ya fara zama ya sha shayi da masu gidan, ya ji wane ɗaki ne ya fi sanyi, ina ruwa ke ɗiga. Daga nan ya je ya kashe wutar gidan gaba ɗaya, ya sa kwaɗo a akwatin mita, ya jefa mabuɗin a aljihunsa. Ko mai gida na tsakiyar kallon ƙwallo, sai dai ya yi haƙuri. Sannan ya hau da tocila ya rarrafa daga kusurwa zuwa kusurwa. Katifun kuwa yankansu yake yi daidai da kowane gurbi, yana cewa ko faɗin tafin hannu aka bari a buɗe, ɗumi zai gano wurin. Kamfanonin birni kan gama gida huɗu a yini. Lyall gida ɗaya yake yi, wani lokaci ma sai ya kwana biyu a kai. Ana yi masa dariya, amma in mutum zai sa a yi wa uwarsa aiki, shi yake kira.

Haka Raelene ta kira shi ranar sha biyu ga Yuni, lokacin da sanyi ke kankama a wajenmu. Raelene 'yar Thelma Clennett ce, tana aikin jinya a birnin Hobart. Thelma kuwa tsohuwa ce 'yar shekara tamanin da uku, tana zaune ita kaɗai a wani gida a kan tudu tun da mijinta Merv ya rasu. Ita ce shugabar layi a rumbun tuffa lokacin da Lyall ya fara aiki, kuma ita ta koya masa riƙe tuffa ba tare da yatsa ya bar mata tabo ba.

Raelene ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce bara ciwon huhu ya kwantar da uwarta sati uku a asibiti, likita ya ce ƙirjinta ba zai ɗauki wani sanyin a wannan gidan ba. An amince da tallafin, amma sai an gama aikin an tura hotuna kafin ƙarshen Yuni, in ba haka ba ya wuce, kuma aikin ya fi ƙarfin aljihunsu. Ta riga ta kama mata ɗaki a gidan tsofaffi a birni. In ɗaya ga Yuli ta yi gidan yana nan kamar firji, za ta zo da mota ta ɗauke ta.

"Na turo mata wasu daga birni," in ji Raelene, "ta kore su da tsintsiya. Lyall, wallahi na gaji. Kai ko za ta ji maganarka."

Washegari ya hau tudun. Ya sami Thelma a ɗakin girki, da hula da mayafin wuya, ta buɗe ƙofar tanda tana ɗumama hannu. Numfashinta har hayaƙi yake yi a cikin ɗakin.

"Ƙadangare," ta ce. "Har yanzu Glenys ba ta ba ka abinci ne?"

"Tana bayarwa, Misis Clennett. Ba ya zama ne."

"Zauna. In 'yata ce ta aiko ka, ka sha shayinka ka koma."

Ya sha shayin, ya ci biskit biyu, bai ce komai game da silin ba. Sai da ya ajiye kofi ya ce ta ba shi izini ya leƙa sama kawai, ba zai taɓa ko ƙusa ba. Ta dube shi ta ce ya je, amma ya taka a hankali, akwai mai barci.

Yana ɗaga murfin silin wari ya gaya masa ko wace ce. Ya rarrafa har jikin tubalin bututun hayaƙi, ya haska, ga ta nan a dunƙule cikin ganye da tsummoki: fosam, dabbar dawa mai yawon dare, girman kyanwa, toka-toka, da jela mai gashi da manyan idanu. Cikinta ya yi nauyi, akwai ɗa a jakar fatar cikinta, inda irinsu ke goyo. Bai matsa kusa ba. Ya juya tocilar ya bi wayoyin wuta, ya sami wuri uku da ta gaigaye roba har tagulla ta fito.

Ya sauko ya wanke hannu ya zauna.

"Kin san tana nan."

"Shekara shida. Ko ita ko uwarta."

"Ta ci waya wuri uku. Ko ba maganar sanyi, wata rana gidan nan zai kama wuta kina ciki. Ba zan ɓoye miki ba, sai ta fita."

Thelma ta shiga juya cokali a kofin da babu komai a ciki. Can ta ce yaran birni sun ce za su sa mata tarko su buga kwano a kafar da take shiga, rabin awa an gama. Ta ce Merv, Allah ya ji ƙansa, kullum magariba in fosam ta fara tafiya a sama sai ya ɗauki tsintsiya ya buga silin yana zaginta, ita kuwa ta tsaya cak, sannan ta ci gaba da tafiyarta.

"Tun da ya tafi," ta ce, "takunta ne kaɗai takun da nake ji a gidan nan wanda ba nawa ba. Kar ka gaya wa Raelene. Cewa za ta yi na fara ruɗewa."

Lyall ya daɗe yana kallon tagar. A bayan ɗakin kwananta akwai tsohuwar bishiyar tuffa, ɗaya tak da Merv ya hana a tumɓuke. Ya ce to, ga abin da za a yi. Zai yi wa fosam ɗin gida a kan bishiyar. Ba zai sa tarko ba, ba zai toshe kafar ba, sai ranar da ta tare da kanta.

"Ka yi alkawari?"

"Na yi."

"In ka saɓa, Ƙadangare, na san inda uwarka take kwance, zan je in kai ƙararka."

A rumfar Merv ya sami tsohon akwatin tuffa, irin wanda shi da kansa ya cika dubbai. Ya yi masa murfi, ya huda ƙofa daidai shigar fosam, ya ɗaure shi a sama inda kare ba zai kai ba. Da magariba, bayan ta fita kiwo, ya hau ya kwaso rabin ganyen shimfiɗarta ya zuba a akwatin don ta ji warin kanta, ya ajiye yankan tuffa a bakin ƙofa. Sai ya dunƙule jarida ya cusa a kafar da take shiga ƙarƙashin kwano, ba da ƙarfi ba. In da safe jaridar na nan, ba ta koma ba. In ta faɗi, tana ciki.

Da safe tuffa ta tafi, jarida na ƙasa.

Washegari ma haka. Jibi ma haka. Kullum sai ta cinye tuffar, ta koma jikin tubalinta ta kwanta. Lyall ya ɗage ayyuka biyu da ke hannunsa, domin ba ya son ranar da za ta tare ta same shi a rufin wani. Katifun gidan Thelma kuwa suna jibge a baranda cikin ledarsu.

Garinmu ƙarami ne, kafin sati labari ya kai shagon Athol Burgess, mai sayar da ƙusa da katako, inda tsofaffi ke tsayawa hira da safe. Lyall na shiga Athol ya ɗaga murya.

"Ga magini ya iso! Mutumina, ita madam ɗin ta cika fom kuwa? Nawa gwamnati ke ba fosam?"

"Ba ta kai shekarun fansho ba," in ji Lyall. "Ba ni ƙusa 'yar inci biyu."

"Ka sa mata labule? Wataƙila kalar ce ba ta yi mata ba."

Aka yi ta dariya. Da ya zo biya sai Athol ya sunkuyo ya rage murya. Ya ce, "Kai, bar wasa. Ka jira ta fita da magariba ka buga kwano a kafar, shi ke nan. Tsohuwar ba za ta sani ba. Kana so a kai ta birni saboda ɓera mai jela?"

Lyall ya karɓi ƙusarsa ya fita, amma maganar ta bi shi har mota. Gaskiya Athol ya faɗa, minti biyar ne aikin. Sai dai ya san abin da ke biyo baya. Fosam mai ɗa in ta dawo ta tarar an rufe, kwana za ta yi tana yagar kwano tana kuka a kan ɗakin Thelma, in ta gaji ta faɗa yankin wata fosam a yi mata rauni, ko kare ya same ta a ƙasa. Kuma Thelma za ta ji komai daga gadonta. Za ta sami gida mai ɗumi, amma ba za ta ƙara buɗe masa ƙofa ba, shi ma ba zai so ta buɗe ba.

Ranar ashirin da biyu Raelene ta sake kira. Wani ya riga ya ba ta labari.

"Lyall, da gaske ne abin da nake ji? Saura kwana takwas, kai kana can kana ciyar da dabba?"

"Da gaske ne."

"Uwata ce fa, ba fosam ba. In tallafin nan ya wuce, ni zan ɗauke ta tana kuka, ba kai ba."

Ya ce ya sani. Ya ce ta ba shi zuwa ashirin da takwas. Ta kashe waya ba sallama. Da ya koma gida bai iya cin abinci ba, Glenys ta dube shi ta ce in ya ƙara ramewa sai dai a nemo shi da tocilarsa.

Da safe ya sami jarida a ƙasa karo na goma. Ya tsaya riƙe da ita a hannu, raɓa ta daskare a kan ciyawa fari fat. Thelma ta leƙo ta taga ta ce ya shigo kafin ya zama gunki. A kan shayi ya ce mata ya rasa inda ya yi kuskure, ga warinta, ga abinci, ga tsayi.

"Ina ka same ta a kwance?" in ji Thelma.

"Jikin tubali."

"Da bazara can ƙarshen gida take kwana, saman banɗaki, ina jin ta. Sanyi na shigowa take dawowa jikin bututun. Kai da ka ce aikinka ke nan! Ka ɗauki mai jego daga jikin murhu ka ce ta koma akwati mai kafa ta ko'ina, ka kuma juya mata ƙofa kudu, inda iskar ƙanƙara ke fitowa. Ni ma da na ci tuffar na koma."

Lyall ya ajiye kofinsa. Shekara nawa yana shiga gidajen mutane yana tambayar ina ne ya fi sanyi, amma wannan gidan da ya gina da hannunsa bai tambaya ba.

Ya sauko da akwatin a ranar. Ya farke leda ɗaya daga katifun Thelma, ya yanki gutsattsari, ya yi wa akwatin bango biyu, katifa a tsakiya, katako ciki da waje don kada ta taɓa jikinta ko ta gaigaya. Ya yi wa murfi da ƙasa haka. Ya bi kowace kafa ya toshe, kamar yadda yake wa gidan mutum. Sannan ya mayar da shi ɗaya gefen bishiyar, ƙofa na kallon arewa inda rana ke bugawa a wajenmu, ya ƙara tsohuwar rigar ulu ta Merv da Thelma ta miƙo masa ta taga.

Ashirin da huɗu, jarida a ƙasa. Ashirin da biyar, jarida a ƙasa, amma da ya leƙa akwatin ya ga an tattake rigar, an yi gurbi a tsakiya.

Ashirin da shida ya hau tsani da sassafe, ga jarida a kafa yadda ya bar ta. Bai yarda ba. Ya je gindin bishiya ya ɗaga kai, sai ga bakin jela ya leƙo ta ƙofar akwati. Ya koma ɗakin girki a hankali kamar mai tsoron tada jariri.

"Ta tare," ya ce.

"To buga kwanonka."

"Sai gobe. Kwana ɗaya ziyara ce."

Thelma ta ce shi dai tun yana yaro haka yake, akwati ɗaya sai ya duba shi sau uku. Gobe ta yi, jarida na nan. Ya hau ya haska ko'ina ya tabbata babu kowa a sama, sannan ya rufe kafar. Mai gyaran wuta ya zo da rana ya sauya wayoyin da aka gaigaye. Lyall ya kwashe ƙazantar shekara shida a buhu tara, ya wanke katakai. Ashirin da takwas da ashirin da tara yana kwance a kan cikinsa yana yanka yana shimfiɗawa, gurbi bayan gurbi, bai yi gaggawa ba ko da Athol ya zo da kansa ya tsaya a ƙasan tsani yana ce masa ya yi sauri, wata zai mutu. Ya bi ƙofofi da tagogi ya liƙa musu roba. Ranar talatin da hantsi Glenys ta tura hotunan, domin shi waya ba ta jin maganarsa.

Kafin ya ɗaure tsaninsa ya yi wani abu da babu shi a fom. Ya ɗauki dogon katako ya kafa daga reshen bishiyar zuwa bakin rufin baranda. Thelma ta tambaye shi na mene ne, ya ce ya rage ne, bai san inda zai ajiye shi ba.

Raelene ta zo ɗaya ga Yuli kamar yadda ta faɗa, da akwatuna biyu na kwasar kayan uwarta, babu komai a ciki, a bayan mota, da ma'aunin zafi a jakarta. Safiyar an yi sanyin da har ruwan kwanon kaji ya daskare. Uwarta ta buɗe mata ƙofa ba hula, ba mayafi, tanda a rufe. Raelene ta shiga ɗakin kwana ta ajiye ma'aunin a kan gado ta tsaya a kansa, ta kai shi ɗakin girki, ta kai shi banɗaki. Ta dawo ta zauna ta cire rigar sanyinta.

"Mama, zan dawo in sake aunawa a Agusta."

"Ki zo da biskit," in ji Thelma.

Ta yini a nan. Lyall ya biyo da yamma don ya duba ko akwai inda iska ke shiga, aka zuba masa shayi. Rana na faɗuwa suka ji ƙwas, ƙwas, a kan katako, sannan dim, dim, dim, a kan kwanon rufi, daga baranda zuwa bututun hayaƙi, taku mai nauyi na wadda ta san hanya. Raelene ta zabura ta dubi Lyall.

"Ba ka ce ta fita ba?"

"Ta fita. Ta sama take bi, ba ta ciki ba."

Thelma ta miƙe ta ɗauko tsintsiya a bayan ƙofa, ta buga silin sau biyu. Takun ya tsaya cak. Suka ɗaga kai su uku. Sai ya ci gaba.

Raelene ta dubi tsintsiyar a hannun uwarta, ta daɗe tana kallo, domin ta san wanda ya saba yin haka. Ta tashi ta ƙara ruwa a buta.

Akwatunan Raelene haka suka koma Hobart babu komai a ciki. Thelma tana nan a kan tudu, wannan sanyinta na uku ke nan ba ta ga asibiti ba. Lyall kuwa har yanzu gida ɗaya yake yi a yini. Abin da ya ƙaru kawai, a bayan motarsa, kusa da tsani, ba ka rasa tsohon akwatin tuffa ɗaya ko biyu masu bango biyu. Athol ne ke tara masa su a bayan shago, ko da yake in ka tambaye shi cewa zai yi na hura wuta ne.